Abin da Aka Goge Kafin a Sayar

Litinin, 4 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar surukarki Inna? Umma ta ce in tambaya ko har yanzu tana kumbura. Ni lafiyata lau, ban da ciwon wuya na zaman tebur.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Rabon da mu haɗu tun rasuwar kakarki, shekara huɗu ke nan. Umma kullum cikin faɗa take, wai kakarki da kakata ɗaki ɗaya suka fito, amma mu jikoki mun bar zumunci ya yi sanyi. Ita ce ta gaya mini cewa tun da aka karɓe wayarki lokacin bincike ba kya yarda a yi maganar shari'ar Baban yara ta waya. Shi ya sa na rubuta, na ba direban motar da ke zuwa wajenku.

Ban sani ba ko kin san irin aikina. Kamfaninmu yana sayen tsofaffin kayan kwamfuta daga ma'aikatun da suka rufe, mu goge duk abin da ke cikinsu, mu gyara, a sake sayarwa. Ni teburin suwic aka ba ni. Akwati ne na ƙarfe mai faɗi, da ramuka jere a gabansa, inda wayoyin kwamfutoci da kyamarori da ƙararrawar gini duk suke haɗuwa. Yana da 'yar ma'ajiya a ciki. Yawanci fayil biyu ko uku muke tararwa: manhajar da ke tafiyar da shi, da na saitinsa.

Makon jiya aka sauke mana kaya mota guda. Da na juya na farko sai na ga tambarin kamfanin katifar da Baban yara ya yi wa aiki. An yi gwanjon kayansu ne bayan sun rufe. Na goge guda tara ba tare da wani abu ba. Na goma kuwa, wanda aka rubuta masa "ofis, bene na biyu", na tarar da fayil goma sha ɗaya da ba su da dalilin kasancewa a wurin. Sunayensu lambobi ne kawai. Na'ura ba ta sa wa fayil irin wannan suna, hannun mutum ne ya ajiye su.

Goma daga ciki a ɗaure suke, sai da izinin shugaban sashenmu zan iya kwance su. Ɗaya ne ya buɗe. A layin farko akwai sunan Baban yara, da kwanan watan ranar gobarar, da lambar rami na goma sha bakwai. A saitin na'urar, wannan ramin shi ne na ƙararrawar gobara. Ban kai ga karanta sauran ba shugaban ya tsaya a bayana, na rufe.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, ban ga abin da zai wanke shi ba tukuna. Ba kuma zan iya kwafo miki ba. Wayoyinmu a bakin ƙofa muke ajiyewa cikin loka, filas na kwafar bayani haramun ne, ga kyamara bisa kan kowa.

Na sa masa takardar "yana da matsala", na ɗora shi a kan shiryayyen marasa lafiya. Mai saye zai zo kwasar kayan ranar ashirin da takwas. Ba abin da ke fita daga gininmu sai an goge shi. Ki gaya mini yadda kike so a yi.

Ƙanwarki.

*

Asabar, 9 ga wata

Injiniya,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso ranar Alhamis. Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, sai dai ta ƙi shan maganin, wai yana sa ta fitsari kamar famfo. Yara kuwa, babbar tana shirin jarrabawa. Ƙaramin yana tari, amma yana wasa. Ki gai da Umma, ki ce mata faɗanta ya iso har nan.

Na karanta wasiƙarki a ɗakin malamai lokacin da yara suka fita hutu. Ban iya shiga aji na gaba ba, na ce kaina ke ciwo.

Ba ki zo kotu ba, don haka bari in gaya miki inda muke. Mutum huɗu suka mutu a ɗakin yankan soso, saboda ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, ƙofar baya kuma ba ta buɗe kanta ba kamar yadda ya kamata. Kamfani ya ce Baban yara kaɗai ne mai kula da wayoyin ginin, shi ya kashe ta. Alƙali ya ba shi shekara goma sha biyu. Ya yi biyu. Mun ɗaukaka ƙara, an sa mana zama nan da wata biyu, lauya yana sa ran a rage. Ragi kawai muke nema yanzu.

Matar ɗaya daga cikin mamatan tana sayar da kayan miya a daidai inda nake jiran mota. Kullum da safe sai mun haɗa ido. Ba ta taɓa zagina ba. Da ma tana zagin.

Ki duba, ƙanwata. Idan wannan abin ya faɗa hannun lauyoyinsu, ragin ma ya tafi. Akwai abin da na sani wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, ko lauya, ko Inna da ta haife shi. Ba zan rubuta shi a takarda ba. Ki yarda da ni kawai.

Ki goge shi. Ki yi aikin da aka ɗauke ki dominsa, kamar ba ki taɓa ganin tambarin ba. Kada ki nemi izinin kwance sauran, kada ki ja hankalin shugabanku. Ba zan gaya wa lauya ba, don ban san abin da doka za ta tilasta masa ya yi ba idan ya ji. Baban yara ma ba zan ɗaga masa hankali ba. Sau ɗaya a wata ake barina in gan shi, minti talatin, ba zan ƙona su a kan wannan ba.

Ki yafe mini nauyin da na ɗora miki. Ki ƙona wannan takardar in kin gama.

Yayarki.

*

Laraba, 20 ga wata

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ya ba babbar sa'a. A dafa wa ƙaramin ruwan zafi da zuma. Umma tana gaishe ki.

An gama.

Na riƙe wasiƙarki kwana biyar ina juya ta. Inda kika ce akwai abin da kika sani shi ya tsaya mini. Na fahimce ki, ba sai kin ƙara ba. Miji ba ya gaya wa kowa irin wannan magana sai matarsa.

Jiya da hantsi na sauko da shi daga shiryayye. Shugabanmu, wanda muke kira Agogo don ba ya minti biyu bai duba hannunsa ba, ya ce, "Mara lafiyarki ya warke ke nan?" Na ce ya warke. Ya ce to a sallame shi, gado ya yi kaɗan.

Ban sake buɗe fayil ɗin ba. Na ji tsoron abin da zan gani, tunda zan ci gaba da gaishe shi in Allah ya fito da shi. Na share su ɗaya bayan ɗaya, na wanke ma'ajiyar gaba ɗaya, sannan na bi ta da shirme. Haka muke yi: a cika wurin da lambobin banza don kada wani gwani ya tono abin da ya taɓa zama a ciki. Ƙa'idarmu sau uku ce. Na yi sau bakwai. Na mayar masa da manhajarsa, na kankare tambarin kamfanin da reza, na sa hannu a takardar shaidar gogewa.

Ki kwantar da hankalinki. Ba wanda zai ƙara ganin wannan abin har abada.

Wasiƙarki ma na ƙona ta a kan risho.

Direban ya ce motarsa tana gareji, sai mako mai zuwa zai taso. Duk da haka zan ba shi yau.

Ƙanwarki.

*

Asabar, 23 ga wata

Injiniya,

Muna lafiya. Ina fatan kina lafiya.

Kada ki goge. Don Allah, don darajar iyayenki, kada ki taɓa shi. Na kira wayarki sau goma sha huɗu daga wayar maƙwabciyata, ba ki ɗauka ba. Na san kuna ajiye su a loka. Ban ga amsarki ba har yau, ina roƙon Allah ya sa shirun yana nufin ba ki yi komai ba. Kin ce sai ashirin da takwas. Saura kwana biyar. Na ba wani mai babbar mota wannan, ya yi alkawarin zai kai miki ƙofar ma'aikata.

Yau na je ziyara. Na yi niyyar ba zan ce komai ba. Muna cikin hirar jarrabawar babbar sai bakina ya suɓuce, na ce ƙanwar nan tawa injiniya tana gaishe ka, kayan kamfaninku ma wajensu aka kai. Sai ya miƙe tsaye. Gandiroba ya ce ya zauna. Ya zauna, ya riƙe ƙarfen da ke tsakaninmu, ya ce, "Akwai na ofis, na bene na biyu?"

Na ce akwai.

Shekara biyu ban ga fuskarsa haka ba.

Ga abin da ya gaya mini. Ƙararrawar tana yawan tashi ba dalili saboda ƙurar soso, duk lokacin da ta tashi sai a tsayar da injina. Manaja ya gaji, ya sa wani ɗan kwangila ya rufe ramin ta kwamfuta daga waje. Baban yara ya gani ya buɗe. Aka sake rufewa. Ya sake buɗewa. Sau biyar cikin wata uku. Ya rubuta wa manaja, aka ce ya kula da abin da ya shafe shi. Don haka duk lokacin da aka rufe ko ya buɗe, sai ya kwafi bayanin da na'urar ta rubuta, mai nuna wa ya shiga da kuma daga ina, ya ɗaure ya ajiye a cikinta, inda ba wanda zai duba. Na goma sha ɗaya ya ajiye shi ne ranar gobarar, ana cikin kashe wuta, shi ya sa bai tsaya ɗaurewa ba. Sunansa yana layin farko ne don shi ya ajiye. Ya ce da kin gangara ƙasa kaɗan da kin ga sunan wanda ya rufe.

Ya faɗi wannan a kotu, ina zaune. Kamfani ya ce ruwan 'yan kwana-kwana ya lalata kayan ofis duka an zubar. Ni na ɗauka kwamfutar teburinsa yake nufi, wadda aka bincika ba a sami komai ba. Ban san akwatin wayoyi yana ajiye abu ba.

Na dawo gida na sake karanta wasiƙarki. Kin rubuta "tukuna". Wallahi sau uku na karanta ta a makaranta, idona bai ga kalmar ba.

Ban gaya masa abin da na rubuta miki ba. Ya bar wurin yana dariya, yana cewa in sayo masa sabuwar riga ta zaman kotu.

Lauya zai nemi takardar kotu ranar Litinin a riƙe na'urar. Ki tsare ta da ranki.

Yayarki.

*

Lahadi, 15 ga sabon wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan Inna da yara suna lafiya. Ni ina nan.

Na san tawa ta ranar ashirin ta riga ta iso miki, don haka kin san komai. Mako uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Kiranki goma sha huɗu na gan su tun a ranar, da na fito daga aiki. Baƙuwar lamba ce, amma jikina ya ba ni ke ce. Na ɗauka kina so ki ji ko an gama ne, na ce wasiƙa tana hanya, ba sai mun yi maganar a waya ba.

Mai babbar motar ya cika alkawari. Ranar Litinin da rana mai gadi ya miƙo mini takardarki. A tsaye na karanta ta, a bakin loka.

Na koma ciki na ɗauko shi daga cikin kayan da aka jera wa mai saye. Ba tambari, amma na san lambarsa. Na haɗa shi, na gwada duk abin da na sani. Na kai wa wani dattijo a sashen gyara, wanda ya fi kowa iya tono abin da aka share. Na ce masa kuskure na yi. Ya zauna da shi yini guda. Da yamma ya cire tabarau ya ce, "'Yata, wanda ya goge wannan ya san aikinsa." Bai san ni ce ba, ko kuma ya sani.

Takardar kotu ta iso ranar Laraba. Agogo ya kira ni ofis, ya ajiye ta kusa da takardar shaidar gogewa mai ɗauke da sa hannuna. Ya tambaye ni me ya sa na'ura mai lafiya ta yi mako biyu a shiryayyen marasa lafiya. Na ce ina shakkar fankarta ne. Ya dube ni, bai duba agogonsa ba ko sau ɗaya. An ba ma'aikacin kotu na'urar. Babu komai a cikinta sai manhaja.

Yaya, ina so ki san wani abu. Da kika rubuta cewa akwai abin da kika sani, na ɗauka ya amsa miki laifinsa ne. Da wannan na goge. Amma ba zan ɗora miki duka ba. Mako biyu na'urar tana bisa kaina. Danna maɓalli ɗaya ne zai gangara da rubutun ƙasa. Na iya, na kuma sami lokaci. Ban yi ba saboda tun ranar da na ga sunansa na riga na yanke masa hukunci a zuciyata, ni da ban taɓa zama da shi na awa ɗaya ba.

Ki gaya wa lauya a shirye nake in zo in yi rantsuwa. Zan faɗi cewa fayil goma sha ɗaya ne, zan faɗi girmansu da yadda sunayensu suke, zan faɗi cewa ni na goge su da sanina. Aikin zai tafi, wataƙila har da abin da ya fi aiki. Na gaya wa Umma. Ta yi kuka, sannan ta ce in je.

Abu ɗaya nake roƙo. Me kika sani?

Ƙanwarki.

*

Juma'a, 27 ga wata

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Muna nan da rai. Inna ta kwanta, ƙafar ta hau har gwiwa. Babbar ta gama jarrabawa. Tarin ƙaramin ya tafi.

Kada ki zo. Na kai wa lauya wasiƙarki. Ya karanta ya ce in kin tsaya gaban alƙali, tambaya ɗaya za su yi miki: me kika gani da idonki? Za ki ce sunansa, da ranar gobara, da ramin ƙararrawa. Sai su tambaya wa ya ce ki goge, ki ce matarsa. Ya ce ko lauyoyin kamfani ba su taɓa samun shaida mai kyau kamar wannan ba. Ki riƙe aikinki. Umma tana buƙatarki.

Kin tambaye ni abin da na sani. Ranar gobarar ya dawo gida da la'asar, rigarsa duk baƙi. Ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Na kawo masa ruwa. Ya ce, "Ni na kashe su." Sau biyu ya faɗa. Washegari aka zo aka tafi da shi. Ban taɓa tambayarsa me yake nufi ba. Shekara biyu ina kai masa sabulu da abinci, ina gaya wa yara ƙarya aka yi wa babansu, alhali a cikina na yarda shi ne. Har ina ganin ƙoƙarina, wai ina rufa wa mijina asiri.

Ranar Asabar na je ziyara. Na kai masa rigar, fara mai dogon hannu. An bincika an miƙa masa. Yana shafa wuyanta yana tambayata ko injiniya ta kwance sauran goman.

Na gaya masa. Ban rage komai ba. Na ce ni na rubuta a goge.

Ya daina shafa rigar. A gefenmu wata tsohuwa tana ta yi wa ɗanta faɗa a kan bai aske gemu ba.

Ya ce, "Me ya sa?"

Na maimaita masa abin da ya faɗa a bakin gado.

Ya ce, "Sau biyar na buɗe. Na shida na gaji, na ce sai Litinin in je wajen hukuma da takarduna. Gobara ta tashi ranar Asabar. Abin da nake nufi ke nan."

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ba ki tambaya ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya ninke rigar yadda yake ninke kayansa a gida, hannu a ciki, ya turo mini ita ta ƙarƙashin ƙarfen. Ya ce in ba wani mai buƙata. Sannan ya juya ya ce wa gandiroba ya gama. Gandiroban ya ce saura minti goma sha biyu. Ya ce ya sani.

Na zauna a kan bencin har minti goma sha biyun suka cika, don ban san inda zan sa ƙafata ba.

Zaman kotu yana nan ranar sha takwas ga wata mai zuwa. Lauya ya ce in zo da yara, alƙali ya gan su. Baban yara ya aiko ta bakinsa cewa a kawo yaran, amma Inna ce za ta riƙo hannunsu. Inna ba ta iya taka ƙasa. Na nemi aron keken guragu a asibitin unguwa. Ni zan tura ta har ƙofar kotun, in tsaya a waje.

Ki gai da Umma.

Yayarki.